Aikin dare a ƙaramin asibitinmu

Gado takwas gare mu, kuma daga nan zuwa babban asibiti tafiyar awa guda ce da ɗoriya, in hanya ta yi kyau. Da rana mara lafiya yana da zaɓi. Bayan isha'i kuwa ƙofofi sun rufe, saura tamu.

Daga Agusta zuwa Oktoba yara ne suka fi zuwa. A shigo da ɗan shekara biyu, jiki kamar garwashi, yana jijjiga, an cusa masa cokali a baki. Cokalin ake fara cirewa, a kwantar da shi ta gefe. Sai a soki yatsa a gwada maleriya da sukari tare. Gwajin sukarin nan da yawa suna tsallake shi, alhali yaron da ya kwana biyu bai ci ba sukarinsa faɗuwa yake. In ya yi ƙasa, ruwan gulukos mai kashi 10 ake ba shi ta jijiya, mil 5 a kan kowane kilo. Don haka sikeli dole ne, ba ma kintace da ido. Allurar artesunate, maganin maleriya mai tsanani, ma da nauyi take tafiya: miligiram 3 a kowane kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Kwalbar miligiram 60 gari ce. A zuba mata mil 1 na ruwan haɗin da ke cikin kwalinta, a girgiza har ya washe tas, sannan a ƙara mil 5 na ruwan gishiri na asibiti (normal saline). Yaro mai kilo 12 mil 3.6 zai samu. Ragowar zubarwa ake, ba a ajiye wa na gaba.

Ana maimaitawa bayan awa 12, da kuma a awa ta 24, sannan ƙwayoyi na kwana uku. A nan ake rigima. Da asuba yaro ya buɗe ido ya nemi koko, sai uban ya ce, "Malam, ai ya samu lafiya, a cire mini kuɗin sauran biyun." Ciniki sai ka ce a kasuwar awaki. Wanda aka tafi da shi haka, jibi ake dawo da shi, jini ya ƙone.

Mai jegon da jini ya ɓalle wa ba ta jiran gari ya waye. A murza mahaifa, a zuƙe fitsari, a sa ƙarin ruwa a hannu biyu, a ba da oxytocin, allurar da ke sa mahaifa ta matse, da tranexamic acid, maganin tsayar da jini, giram 1 kafin a cika awa uku da haihuwa. Amma oxytocin sai an ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8. Wasu dillalan magani a but ɗin mota suke yawo da ita cikin zafin Afrilu. Kwalba na ƙyalli, lambar NAFDAC a jiki, ƙarfi ya tafi. Ba ma karɓa sai a cikin kula da ƙanƙara. Firjinmu yana da solarsa da batirinsa daban, ana rubuta sanyinsa safe da yamma, misoprostol, ƙwayar da ke maye gurbin oxytocin, kuma na nan ko da tsautsayi.

Saran maciji kuwa, a daina ɗaure ƙafa tamau ko tsagawa. Mukan ɗebi jini a sabuwar kwalbar gilashi, ba ta roba ba, mu bar shi minti 20. In bai daskare ba, dafin kububuwa ne ke aiki. Maganin dafin ma dillalai sun ɓata shi: maganin da aka haɗa don macizan Indiya ba ya kama dafin tamu kububuwar, ga araha ga rashin amfani. Ba banza ake cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo ba.

Ba mu da ma'ajiyar jini, ba ma tiyata, kuma ba ma riƙe wanda ya fi ƙarfinmu don kuɗin gado. Lambobin direbobi uku na manne a bango, ga jarkar mai a sito. Kafin mota ta tashi an kira can an sanar, an rubuta takarda da sunan kowane magani da lokacin da aka ba shi, ruwa na tafiya a hannu, kuma 'yan uwa biyu masu ƙarfin ba da jini sun shiga motar.