Ƙasar da nake cika leda da ita

Shekarar da na kafa 'yar rumfar raga ta rainon dashe a bayan gidanmu, nan gefen Kura, da gwanda na fara. Leda 200 na cika. Na gangara fadama na ɗebo baƙar ƙasa mai cika ido, na cakuɗa ta da kashin kaji da aka kwaso daga keji a satin. A raina na ce sun samu abinci har wuya. Sun tsiro kuwa, sai dai ba a rufa sati biyu ba suka fara kwantawa ɗaya bayan ɗaya, gindin ya yi baƙi ya tsuke kamar an shaƙe shi da zare.

Kawuna, wanda a lambu ya yi furfura, ya zo ya tsuguna ya yaga leda ɗaya. Ƙasar ta fito a dunƙule kamar tubali, cikinta jagab, tana tsami. Ya ɗago ya ce, "Kai yaro, tukunya za ka gina ko shuka za ka yi?" Na ce, "Kawu, ai ƙasar mai kyau ce." Ya ce mai kyau ce, amma a inda Allah ya ajiye ta.

A gona ruwa na da wurin zuwa. A leda kuwa, in laka ta riƙe shi, saiwa ba ta samun iska, sai ruɓa. Ga ɗanyen kashin kaji da zafi, ƙone saiwa yake yi.

Yanzu da kwanon sarki nake awo. Biyu na ƙasar sama, kuma ta ƙarƙashin gawo nake nema, don shi da damina yake zubar da ganye, gindinsa kullum a ƙoshe yake. Ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya daɗe ya ruɓe, wanda in ka murza yake wargajewa, ba wari sai ƙanshin ƙasa. Sai na tankaɗe shi tukuna, saboda gwazarma da guntayen leda. Ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa, ba rairayi mai laushi ba, shi wannan toshe ƙofofin iska yake yi. Na ƙarshe, ɗaya na buntun shinkafa.

Buntun nan shi ne gatanmu a Kura, ga shi tuli a bayan injinan casa. Amma ba ɗanye nake zuba shi ba. Na taɓa yi, shinkafa ta tsiro mini a leda, ganyen dashen kuma ya ɗashe. Babbaka shi nake yi. Ina da wata tsohuwar langalanga da na naɗe kamar bututu na huhhuda. Sai in hura wuta a cikinta, in tara buntu ya kewaye ta, ya riƙa ci a hankali ina juyawa da shebur. Da ya yi baƙi gaba ɗaya sai in kashe da ruwa. Ka yi sakaci ya zama toka, aiki ya ɓaci, don ba shi da sauran ramukan da ke riƙe iska da laima. Ranar da babu iska nake yi. Hayaƙinsa ya taɓa haɗa ni da maƙwabciyarmu, ta shanya wanki.

Na ga ɓawon kwakwa da ake sayarwa a matse a birni. Yana da kyau, amma kuɗinsa ba na mai leda 200 ba ne, kuma wani sai an wanke masa gishiri.

A Maris ko Afrilu nake haɗa ƙasar shekara. In jiƙa ta, in baje, in lulluɓe da farar leda, in danne gefuna da ƙasa, in bar ta sati 4 zuwa 6 rana ta dafa ta. Hakan na rage ƙwayar ciyawa da cutar nan mai kwantar da tsiro.

Ayaba da citta nakan ƙara musu taki. Gwanda kuwa yashi nake ƙara mata, ba ta jure kwanciyar ruwa ko kaɗan. Kafin in cika ko leda ɗaya sai na damƙi ƙasar a jiƙe: ta dunƙule, in na taɓa da yatsa ta watse. In ta tsaya da shatin yatsuna, sai in koma bakin rafi da baro.