Ɗakin aladu mai taga ɗaya a Zuru

Daga Birnin Kebbi muka bi ta Jega har Koko, can muka saki titin Yawuri muka yi gabas ta Mahuta da Dabai. Watan Afrilu ne, iskar da ke shigowa mota ma ƙuna take. Aikin duba dabbobi ya kai ni Zuru, kuma a ƙasar Dakarkari mai wannan aiki ba ya zaɓen garke. Ga shanu da awaki, ga gidajen Kiristoci masu kiwon aladu.

Wata dattijuwa a bayan gari ta kai ni wurin nata. Ginin bulo ne, kwano ƙasa-ƙasa, taga ɗaya tal, ita ma an toshe ta da buhu. Tsoron ɓarayi take, maƙwabta kuma suna ƙorafin wari.

"Likita, tari suke ta yi, allura ta ƙi ci."

Da na shiga ɗakin, a tsaye warin da dama-dama. Da na tsugunna daidai hancin alade, nan take idanuna suka kawo ruwa. Zarnin nan amoniya ce, daga fitsari da kashin da suka jiƙe daɓe take tashi, zafi yana ƙara mata ƙarfi. Ba a son ta kai kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗaki, domin tana ƙona hanyar numfashi, ƙurar dusa da ƙwayoyin cuta su zarce huhu ba mai tare su. Ga alade ba ya zufar kirki, sai haki da birgima cikin taɓo, nan kuwa babu taɓon.

Na ce, "Mama, taga ɗaya ba ta jan iska, sai da mashiga da mafita." A cire wasu layukan bulo a dogayen bango biyu masu fuskantar juna, a sa rodi da raga, a bar kafa a ƙololuwar rufi inda iska mai zafi ke taruwa. Daɓen a yi masa gangara, a riƙa kwashe kashi kullum. Da hunturu a saki buhu ta gefen da iska ke bugowa, don jarirai suna son ɗumi kusan digiri 30 a makon farko, amma saman a bar shi buɗe.

Ta lissafa kuɗin rodi da yatsu, ta aika a kira magini. Bango ɗaya ta yarda a fara fasawa, wanda ba ya kallon maƙwabta. Ban so ba, amma aljihunta ne. Muka yi da ita za a fasa na biyun in ta sayar da manya kafin Kirsimeti.