Gardamar Lamba Goma a Shagon Ɗinki na Cape Town

Ɗinki ne ya kawo ni Cape Town, kuma shi ne yake riƙe da ni har yau. Ina aiki a wani shago da ke unguwar Salt River, inda masaƙu da kamfanonin tufafi suka yi zamani kafin kayan waje masu araha su karya yawancinsu. Mai shagon dattijo ne daga cikin Musulmin garin, jikokin mutanen da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indunisiya da Indiya da gabashin Afirka tun ƙarni na 17. Kowa Boeta yake kiran sa, ni ma haka na bi. Masallacinsu mafi tsufa, na Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, tun 1794 yake tsaye. Don haka ta fuskar addini ban sha wahala ba: ga kiran salla, ga naman halal a kowane lungu, ga mutanen da ke amsa sallama da fara'a.

Wahalar a wani wurin take. Damina a nan cikin sanyi take zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, ruwa da iska tare, kuma yawancin gidajen haya ba su da abin ɗumama ɗaki. Koren fasfo ɗinmu yana sa wasu su ɗan ja baya kafin su san ka. Takardar zama kuwa, ka yi sammako ka bi layi, a ce ka dawo, ka dawo a ce ba ta fito ba. Duk wannan ɗan Najeriya ya saba jure irinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake mutunta ni a shago. Ana ba ni abinci, ana tambayar lafiyar mutanen gida, ran Lahadi matar Boeta takan aiko mini da wani soyayyen fulawa mai kayan ƙamshi da kwakwa da suke ci da safe. Amma da hira ta yi zafi sai a koma Afirkans, ni kuma in sunkuya kan kekena. Ba wanda ya taɓa musa mini magana, domin ba a gardama da baƙo.

Hirar da ke zafi kuwa kusan kullum ta zari-ruga ce. Na zo da zaton wasan Turawa ne zalla, sai na tarar dattawa masu farin gemu suna fitowa daga sallar Juma'a suna musu a kan wanda ya kamata ya sa riga mai lamba 9. Musulmin garin nan sun fi shekara ɗari suna da kulob-kulob nasu. Jikan Boeta, wanda ke mana guga bayan ya taso daga makaranta, shi ya koya mini dokokin. Da allin awo ya zana fili a kan teburin yanka, ya jera maɓallai 15: takwas na gaba, ƙarti masu turereniya, bakwai na baya, masu gudu. Dire ƙwallo bayan layin abokan karawa maki 5 ne, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun fenariti tsakanin sanduna maki 3. Sai ya ɗauki wani jan maɓalli ya ajiye a tsakiya ya ce, "Kawu, wannan shi ne lamba 10. In ya yi tunani da kyau kowa ya yi kyau, in ya rikice kowa ya rikice."

Boeta ba ya goyon bayan Springboks, tawagar ƙasarsa. All Blacks ta New Zealand yake so, kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin sa'o'insa. An haife shi a District Six, unguwar da gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta Turawa ce a 1966, ta rushe gidaje, ta kwashe mutane fiye da 60,000 zuwa bayan gari. Yana yaro in sun je filin Newlands, wani ɓangare ake ware musu, su kuwa duk tawagar da ta zo karawa da Springboks ita suke yi wa tafi. A 1970 All Blacks ta zo da Bryan Williams, matashi mai jinin Samowa, wanda sai da aka ba shi matsayin Bature na girmamawa kafin ya shigo ƙasar. Boeta ya ce ganin mai irin fatarsu yana keta Turawa da gudu ya ɗaure zuciyarsa har abada. Errol Tobias ya zama baƙar fata na farko a Springboks a 1981, Mandela ya sa koriyar rigar a 1995, Siya Kolisi ya zama kyaftin a 2018 ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019. 'Ya'yan Boeta da jikokinsa duk sun koma kore. Shi bai motsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda aka rushe wa gida shi ya san ranar da zai huce.

A gasar kofin duniya ta 2023 a Faransa, gardamar ƙasar gaba ɗaya ta taru a kan mutum biyu. Manie Libbok a lokacin ɗan wasan Stormers ne, kulob ɗin Cape Town. Shi ya buga ƙwallon ƙarshe daga gefen fili da ya fitar da kulob ɗin Ulster na Ireland a wasan kusa da na ƙarshe a 2022, shekarar da Stormers ta ci kofi. Yana da ido, yana da hannu mai sauri, kuma a wasan farko da Scotland ya cilla wa Kurt-Lee Arendse ƙwallo da ƙafa yana kallon wani gefen daban. Rauninsa bugun sanduna: yau ya ci, gobe ya zubar. Handré Pollard kuma shi ne lamba 10 na 2019, mutum mai sanyin jini, wanda ciwon sha-raɓa ya hana a sa sunansa a jerin farko. Da Malcolm Marx, mai lamba 2, ya ji rauni a gwiwa wajen atisaye, sai masu horarwa, Jacques Nienaber da Rassie Erasmus, suka ƙi kiran wani mai lamba 2, suka kira Pollard. Kowa ya gane saƙon. Ranar 23 ga Satumba Ireland ta ci Springboks 13 da 8, bayan Libbok da Faf de Klerk sun ɓarar da bugu huɗu, maki 11 ke nan. Daga ranar rediyo da motocin haya ba su da wata magana.

Duk da haka Libbok ne ya fara wasan da suka fitar da Faransa 29 da 28. Shi ne kuma ya fara na kusa da na ƙarshe da Ingila cikin ruwan sama, inda komai ya ƙi yi masa, aka cire shi bayan kimanin rabin awa. A shagon muka kalla, a kan ƙaramar talabijin da ke saman kabad ɗin zare. Na ga fuskarsa lokacin da yake fita, kuma na ga Boeta, mutumin da ke fatan Ingila ta yi nasara, ya cire tabarau ya ajiye bai ce uffan ba. Ingila ta kai 15 da 6, RG Snyman ya dire ƙwallo, sannan Pollard ya buga fenariti daga kusan tsakiyar fili saura minti biyu. Aka tashi 16 da 15.

Ranar Alhamis 26 ga Oktoba aka sanar da waɗanda za su kara da All Blacks a wasan ƙarshe. Pollard da De Klerk za su fara. A benci, cikin mutum takwas, bakwai ƙartin gaba ne, ɗan baya ɗaya tak, Willie le Roux. Babu Libbok, babu Cobus Reinach, mutum biyun da suka fara wasanni biyu na baya. An ɗauke wuta a lokacin, kekuna duk sun tsaya, muna zaune muna aikin hannu. Babban ɗan Boeta ya karanto sunayen daga wayarsa yana murna. Ya ce dabarar ta yi aiki a filin Twickenham na Landan a watan Agusta, ranar da suka lallasa All Blacks 35 da 7, kuma wasan ƙarshe ba wurin ado ba ne, wurin tara maki uku-uku ne.

Boeta ya buga almakashi a tebur. Ya ce yaron ya ɗauko su tun daga farkon shekara, rabin awa ɗaya ta lalace masa, an jefar da shi ko benci bai samu ba. Ya ce ya san wannan halin, ya girma yana ganin sa: yaro mai irin fatarsu sai ya yi sau biyu kafin a ƙirga masa ɗaya, kuskurensa ɗaya kuma ya shafe goma. Ɗan ya ce, "Baba, kyaftin ɗinmu ɗan Zwide ne, unguwar baƙar fata, Mbonambi da Kolbe da Arendse duk suna ciki, wane launi kuma ake magana?" Muryoyi suka hau sama, rabi Turanci rabi Afirkans.

A nan na sa baki, allura na hannuna. Na ce, "Boeta, ka yi mini haƙuri, amma a fara da Pollard daidai ne. In ruwa ya sauka a Paris, ƙafa ce za ta ci wasan, kuma ba na jin launi ne ya zaɓe shi." Sai na juya wajen ɗan na ce, "Yaya, kai ma bencin nan naka ganganci ne. Tela ba ya shiga aikin daren salla da allura ɗaya. In De Klerk ya faɗi a minti na biyar, wa zai riƙe lamba 9? Kolbe, wanda ba gurbinsa ba ne? In Mbonambi mai lamba 2 ya faɗi, Deon Fourie ne, mai shekara 37, wanda ya fi sabawa da wani gurbin. A rage ƙato ɗaya a sa Libbok, ko banza in ana neman maki biyar a ƙarshe akwai mai buɗe hanya."

Su biyun suka taso mini a tare. Boeta ya nuna ni da tsinin almakashi ya ce, "Kai yaro, jiya-jiya ka san ƙwallon nan ba zagayayye ba ne, yau kai ne za ka gaya mini abin da ba launi ba?" Ɗan ya ce in tsaya a kan Super Eagles. Jikan yana tsalle yana cewa Kawu ya fi su gaskiya. Muka yi ta yi har wuta ta dawo, kuma da suka zame cikin Afirkans sai Boeta da kansa ya dakata ya maimaita mini da Turanci, don yana son in ji hujjarsa in amsa. Na koma ɗakina a daren da wani farin ciki da na daɗe ban ji irinsa ba tun barina Kano.

Wasan ranar Asabar ya ba kowannenmu abin riƙewa. Ruwa ya sauka. Mbonambi ya ji rauni a mintunan farko, Fourie ya shigo ya kai ƙarshe yana fama da jifan gefe. Sam Cane, kyaftin ɗin All Blacks, ya samu jan kati. Pieter-Steph du Toit ya yi kamu 28. Pollard ya buga fenariti huɗu duk suka shiga, su ne maki 12 na Afirka ta Kudu gaba ɗaya. All Blacks ta tsaya a 11, bayan Richie Mo'unga da Jordie Barrett kowanne ya zubar da bugu ɗaya. Titin Salt River ya cika da ƙahon motoci har tsakar dare. Boeta ya tashi ya yi wa jikansa barka, ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

Ɗansa har yau yana cewa kofi ya raba gardama. Ni ban yarda ba. Maki ɗaya ne tsakani, da mutum 14 aka kara fiye da rabin wasan, kuma De Klerk ya kai ƙarshe lafiya ne da ikon Allah, ba da dabarar kowa ba. Maganar Boeta kuma, ko da ban bi shi a kan Pollard ba, na daina ɗaukar ta a matsayin ɗacin tsufa. Na ga irin zagin da aka yi wa Libbok a intanet a Satumbar 2024, da ya zubar da bugun ƙarshe Ajantina ta ci 29 da 28, kuma wasu kalaman ba na wasa ba ne ko kaɗan. Wanda ke bin layin takarda da koren fasfo ya san yadda ake auna kuskuren wani da babban mudu.

Abin da Erasmus ya yi bayan wannan ya burge ni. Mako guda kacal, a filin Mbombela, ya sake sa Libbok ya fara da lamba 10, ya miƙa bugun sanduna ga Jaden Hendrikse, ya bar shi ya yi abin da ya iya. Suka ci Ajantina 48 da 7, suka ɗauki kofin ƙasashe huɗu na kudancin duniya. Ran Litinin na shiga shago da wannan hujjar a bakina, na tarar sun riga sun wuce wurin: Sacha Feinberg-Mngomezulu, wani matashin Stormers, shi ake ta musu a kai, ko ya isa a damƙa masa rigar ko a ƙara masa shekara. Boeta yana cewa a ba shi yanzu. Ni na ce a bari ya warke daga ciwon gwiwarsa tukuna, a riƙa sa shi yana shigowa daga benci, kuma a kan haka muka yini.