Tambayar da ban taɓa yi musu ba

A shekarata ta farko ina aiki da matasa masu shaye-shaye a Jos, wa'azi kawai na riƙa yi. Ina da hoton hantar da giya ta cinye, ina da labaran waɗanda goskolo, wata muguwar giya da ake haɗawa a gida, ta kai kabari. Yaran su yi tsit, su gyaɗa kai, in koma gida ina ganin na yi abin kirki. Bayan mako biyu sai in same su a inda na bar su.

Wani matuƙin Keke Napep ne ya farkar da ni. Ya ce, "Anti, duk abin nan da kike faɗa mun sani. Ke dai ba ki taɓa tambayarmu me ya sa muke sha ba."

Kunya ta rufe ni, domin a makaranta mun karanta cewa dalilan sun bambanta: akwai mai sha don nishaɗi, akwai mai sha don armashin zama da abokai, wani don kada a ce masa ɗan ƙauye ne, wani kuma don ya manta da damuwa. Na haddace na ci jarrabawa, sannan na bar ilimin a cikin takarda.

Da na fara tambaya sai na ga bambancin da idona. Wanda majalisa ta ja shi, sau da yawa canza majalisa kan wadatar. Amma mai sha don ya samu barci, ko don ya manta balas ɗin da mai keke ke jira kullum da yamma, ko gorin da ake yi masa a gida cewa ƙannensa sun fi shi, wannan ko ka raba shi da abokai zai sha shi kaɗai a ɗaki. Shi ya fi ba ni tsoro, kuma shi ne hoton hanta ba ya girgizawa ko kaɗan. Wanda yau ta gagare shi, ina ruwansa da ciwon shekara goma masu zuwa?

Hani yana da amfaninsa. A 2018 gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, a farkon 2024 kuma hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara aiwatar da haramcin giyar leda. Na goyi baya, don abin da ke shiga aljihun ɗan makaranta da kuɗin tara bai kamata a sayar ba. Sai dai na ga yaran da suka bar wannan suka koma wancan.

Abin da aka yi a ƙasar Aisilan da ke Turai ya fi kama hankalina. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun bugu a watan da ya gabaci binciken da aka yi musu. Zuwa 2016 sun koma kashi 5. Ba tsoratarwa suka ƙara ba. Sun hana yara yawon dare, sun sa iyaye ƙara zama da 'ya'yansu, sun zuba kuɗi a wasanni da kiɗa. Ba mu da kuɗinsu, amma fili da ƙwallo ba su gagare mu ba, sai muka sa wasa daga la'asar zuwa magariba, lokacin da aka fi tafiya mashaya.

Matuƙin keken nan bai taɓa zuwa ƙwallo ba. Shi likita na haɗa shi da shi kan rashin barcinsa, sannan na je na zauna da mai keken muka yi maganar rage balas.