Keke tara a kan bas, daga Ƙofar Doka zuwa Jos

Shekaranjiya da daddare muka dawo. Har yanzu leɓena a tsage yake saboda sanyin Jos, littafin kuɗin ƙungiya kuwa na cusa shi ƙarƙashin matashi, don na san abin da zan tarar in na buɗe. Ni ne ma'aji, muƙamin da ake ba mutum idan an lura ba ya iya cewa a'a.

Ga wanda bai san mu ba, ƙungiyarmu ta 'yan sha'awar tseren keke ce a Zariya. Ba mai ba mu albashi, ba kamfanin da sunansa ke kan rigarmu. Akwai ni malamin sakandare, akwai tela, akwai mai gyaran waya a PZ, da ɗaliban jami'a biyu daga Samaru, da kocinmu wanda ya yi tsere da ƙuruciya kafin gwiwa ta zaunar da shi. Sai yara biyar da muke raino. Karo-karo muke yi duk ƙarshen wata. Kakar bana tsere huɗu kacal muka samu: biyu mu ya mu a hanyar Giwa, ɗaya a Kaduna wanda ruwan sama ya raba, sai wannan na Jos da muka rufe shekara da shi. Yara huɗu muka ɗauka. Na biyar mahaifinsa ya ce jarrabawa ta fi keke, ban kuma ga laifinsa ba.

Rigimar farko tun a Ƙofar Doka aka yi ta, bayan sallar asuba ranar Asabar. Direban da muka ɗauka shata ya zo da igiyar roba irin ta ɗaure buhun masara, ya haye saman bas yana cewa a miƙo. Koci ya ce sai an cire ƙafafun gaba, an sa kwali tsakanin keke da keke. Direba ya ce shi ya ɗauki babur, ya ɗauki firji, har amarya da jerenta ya ɗauka, ba a taɓa koya masa ɗauri ba. Muka sa kwalin dai, shi kuma ya ja igiyarsa iya ƙarfinsa. Ana cikin haka mahaifiyar Auta, ƙaramin cikin yaran, ta ja ni gefe ta miƙo mini ledar dabino da dambun nama.

"Malam, ga amana nan. Bai taɓa kwana a wani gari ba."

"Allah ya ba mu ikon riƙewa, Hajiya."

Soba, Pambegua, Saminaka: ƙura, ramuka, da buhunan masara jibge a bakin titi. Yara na ta surutu da gardamar wanda zai ci kofi. Sai da muka wuce Jengre, bas ta fara nishi tana hawa, na ji motar ta yi tsit. Na waiwaya, duk sun manna fuska a gilashi suna kallon titin yana ta miƙewa sama ba alamar zai sauko. Zariya tana kan tudun da bai kai mita 700 daga teku ba, Jos kuwa ta haura 1,200. Mu titin atisayenmu daga Samaru ne zuwa Shika zuwa Giwa, shimfiɗe kamar tabarma. Dutsen Kufena da muke taƙama da shi da ƙafa ake hawansa. Babban hawan da yaranmu suka sani a kan keke shi ne gadar Kwangila.

Masaukinmu gidan wani dattijo ne Bazazzage, abokin mahaifin Koci, wanda ya shekara fiye da talatin yana sana'ar dankalin Turawa a Farin Gada. Mutumin nan sai dai Allah ya saka masa. Ya sa an share mana shago biyu, an shimfiɗa katifu, bargo kowa da nasa, ga ruwan alwala da aka ɗumama a kan gawayi. Aka kawo gwaten acca yana tururi, da soyayyen dankali da ƙwai a faranti irin na biki. Yaron da a gida yake zuwa atisayen kilomita sittin da kofin koko ɗaya a cikinsa, ranar ya ci har ya jingina da bango. Koci ya daɗe yana faɗa mana cewa rabin matsalar yaranmu ba ta keke ba ce, ta tukunya ce, ranar na gani da idona yadda suke ci in sun samu.

Bayan isha'i Baba ya fito da fitila ya zagaya kekunan. Ya ɗaga na tela da yatsa biyu, ya girgiza kai. Ya ce shi da Rali ya yi samartakarsa, da ita ya kai rake kasuwa, da ita ya je zance.

"To wannan fa, 'ya'yana? Ba kariya, ba ƙararrawa, sirdi kamar bakin wuƙa. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali. Nawa kuka ce kuɗinta?"

Da aka faɗa masa, sai ya yi salati ya koma ciki. Da safe na yi ƙoƙarin ba shi wani abu na cefane, ya ce in na sake zancen zai kira Zariya ya kai ƙarata.

Amma na tsallake abu biyu da suka faru kafin dare, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai.

Na farko wurin rajista. Wani jami'i ne a kan tebur, ya sha kunu tun kafin mu yi sallama. Na ji shi da kunnena yana Hausa da na kusa da shi, da muka matso sai ya juya harshe zuwa Turanci. Ya dubi Dogo, babban yaronmu, daga sama har ƙasa, sannan ya koma Hausar don kowa ya ji: "Wannan gardin ne ɗan sha takwas? Ku dai 'yan ƙauye ba ku gajiya da rage shekaru." Dogo ya sunkuyar da kai, mutane na dariya. Ban musa ba, rage shekaru cuta ce da ta ci wasanni a ƙasar nan, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne yaron gaskiya da ake haɗa shi da mai 'ya'ya biyu. Bincike dole ne. Amma bincike daban, cin mutuncin yaro a gaban jama'a daban. Na zaro takardar haihuwa ta asali, da katin makaranta, da takardar lambar ɗan ƙasa, na jera masa. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsawo gadon gidansu ne, kuma Zariya ba ƙauye ba ce."

Da ya ga ba ƙofa a nan sai ya koma kan Auta, ya ce shi kuma bai kai ba, sai ƙarshen Disamba zai cika sha bakwai. A nan Koci ya karɓe zancen cikin sanyin murya. Ajin matasa a dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, na 'yan shekara 17 da 18 ne, kuma ba ranar haihuwa ake dubawa ba, shekarar haihuwa ake cirewa daga shekarar da ake ciki. Wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba ajinsu ɗaya. Ya nuna masa a waya. Wata baiwar Allah da ke gefen teburin ta ce gaskiyar Koci ne. Mutumin ya wurgo mana lambobin ba ko abin maƙalawa. Amfanin tafiya da tela ke nan: daren nan da allura da zare ya ɗinke wa kowa lambarsa a bayan riga, har da ƙawata gefe.

Na biyu, igiyar direba. Da muka sauke kaya muka tarar ƙafar bayan keken Dogo ta karkace, sifok uku sun tsinke. Ɗan Baba ya kai mu wani shago ta wajen Katako, inda kayan keke na gwanjo ke rataye har rufi. Na ga abin da ban taɓa gani a Tudun Wada ba: tib mai siririn bawul irin na keken tsere, a fili, ba sai an aika Kano ko Legas ba. Mu a gida in ka kai wa mai faci irin wannan, juya shi yake yi yana tambayar ta ina iska ke shiga. Mai shagon ya sa wa ƙafar 45,000. Na taya 20,000, ya ce albarka ko kallona bai yi ba. Na juya ta, na nuna masa inda birki ya cinye gefen. Ya sauko 35,000. Muka fita har bakin titi. Sai da ya ji ɗan Baba yana cewa yaron ne zai yi tsere da ita gobe, ya kira mu ya sallama 28,000, ya ɗora mana tib ɗaya gyara. Kuɗin da na ware na abincin dawowa ke nan ya tafi. Jos dai gari ne mai ban mamaki wajen farashi: kabeji da karas da dankali kamar kyauta, amma mai shayin da ke kusa da wurin tsere ya caje mu kamar madarar daga Makka aka kawo ta.

Ranar Lahadi da safe hazo ya rufe gari, yatsu ba sa lanƙwasuwa. Matasa kusan arba'in suka jeru, zagaye shida za su yi, kowane zagaye da hawa guda mai tsawo. Har da 'yan mata a nasu ajin, da hular kwano da komai, iyayensu na gefe suna tafi. Mu ko ɗaya ba mu da ita, kuma ban san ranar da za mu samu ba. Na tuna Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, har ta yi tseren cikin fili da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Daga irin wannan layin ake farawa.

Ana busa usur Dogo ya fita kamar an harbo shi. Ya shige gaba, ya kwanta a kan keke, ya ja ayarin nan gaba ɗaya. Zagaye na farko shi ne gaba, na biyu shi ne gaba. Ni da tela muna tsalle muna ihu. Na juya na ga Koci ya dafe kai. Duk lokacin da suka zo wucewa sai ya daka tsawa: "Dogo, koma baya! Koma baya, ka bi taya!" Ina, yaro ya ji daɗin tafi.

Abin da ban gane ba sai da Koci ya nuna mini shi ne, yaran Jos biyar sun jeru a bayansa kamar 'yan tsaki, bakinsu a rufe, suna ma shan ruwa. Wanda ya fake a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, don na gaba ne ke tsaga iska. Dogo noma yake yi musu. A zagaye na biyar, a tsakiyar hawan, ɗayansu ya miƙe tsaye a kan feda, sauran suka bi, suka bar shi yana lilo da kafaɗa kamar mai tura amalanke. Na sha tara ya zo.

Auta kuwa, wanda tsoro ya hana shi barci, tsoron ne ya cece shi. Ya lafe a tsakiyar ayari bai ko leƙo ba, yana juya giya mara nauyi da sauri-sauri yadda aka koya masa. Giyar keke nake nufi, kafin wani ya kai ni gaban hukuma. Har ƙarshen 2022 doka ta ƙayyade wa matasa ita, juyin feda ɗaya kada ya kai keke fiye da mita 7.93. An cire dokar daga 2023, amma Koci bai cire ta a wajenmu ba. Ya ce gwiwarsa ce shaida, shi da aka bari yana taka giya mai nauyi tun yana sha biyar. Auta ya zo na bakwai, ya sauka yana tambaya ko an gama. Sauran biyun ɗaya ya yi faci a zagaye na uku, ɗaya ya ƙarasa can baya.

Na sami Dogo a bayan bas yana kuka. Ban ga laifinsa ba, namu na gani. A Zariya ba wanda ke iya riƙe tayarsa, kullum shi kaɗai yake isa Giwa ya zauna jiran mutane. Mun mai da shi kifin rijiya. Yaro ba ya koyon tafiya cikin mutum arba'in, kafaɗa na gogar kafaɗa, a ƙungiya mai yara biyar da tsere huɗu a shekara. Hoton Biniam Girmay ne a fuskar wayarsa, ɗan Eritiriyan da ya ci koriyar riga, ta wanda ya fi kowa tara maki, a babban tseren Faransa a 2024. Koci ya tsuguna ya karɓi wayar ya nuna masa hoton.

"Ka taɓa ganin wannan a gaba tun daga farkon tsere? Sai saura mita ɗari biyu ake ganin fuskarsa. Tashi ka wanke ido, ka je ka gaisa da waɗanda suka wuce ka."

Ya je. Gaisuwar nan ce ta jawo kocin yaran Jos ya zo wurinmu. Ya ce ƙarfin Dogo ya ba shi tsoro, in mun yarda a turo masa yara biyu su yi hutun makaranta a wajensa su koyi hawa, shi kuma ya turo mana nasa su sha iskar hunturu a shimfiɗaɗɗen titi. Baba ya ce masauki kada ma a yi zancensa.

Tseren manya ba abin faɗa. Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya shiga goman farko, ni kuma a zagaye na huɗu na sauka na tura, wata tsohuwa mai tallan ayaba tana yi mini sannu.

Dawowa direba da kansa ya nemi kwali. Baba ya cusa mana buhun dankali a but. Taya ta fashe mana bayan Pambegua, muka ci sauran dabinon Hajiya a matsayin abincin rana. Ƙarfe tara da wani abu na miƙa mata Auta a ƙofar gida, yana barci a tsaye da lambarsa ɗinke a baya. Jiya aka raba dankalin kashi goma. Yau da asuba Dogo ya turo mini saƙo yana tambayar ranar da za a ba da hutu, da kuma ko ƙungiya za ta biya kuɗin mota. Ban ba shi amsa ba tukuna.