Marsandin Baffa: inda na kwana da rashin ƙarfi, ƙwanƙwasa da zafin salansa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kanikanci. Mako uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, alhali kowace Asabar ina gindin darbejiyar ƙofar gida da bonet a buɗe. Ga wanda bai san motar ba, Marsandi 240D ce, samfurin W123 da aka ƙera tsakanin 1976 da 1986. Injinta OM616, silinda 4, lita 2.4, ba turbo, ba kwamfuta, gas take sha. Tun tana sabuwa ƙarfinta bai wuce na doki 72 ba, saboda haka ko kaɗan ta rasa, ƙafarka za ta gaya maka.

Abin ya fito fili wata Lahadi muna dawowa daga kasuwar Gujungu, mu huɗu da buhu biyu na gero a but. Daga Taura zuwa Ringim hanya shimfiɗe take, amma na danne totur har ƙasa allura ta ƙi wuce 70. Inji yana wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga ƙusa a bayan kwano. Da muka sauka burji Baffa ya janye ƙafafunsa ya ce, "Kai, ƙasan nan ya yi zafi." Gefen da yake zaune ta nan salansa ta bi. Na duba allurar ruwa, tana ɗan sama da 80, inda ta saba tsayawa. Ke nan lagireto lafiyarsa ƙalau, zafin a hayaƙi yake.

A majalisa shawara biyu aka ba ni: ko a ƙara wa famfon da ke tura gas cikin inji mai, ko a sauke inji a sa sabon rin. Maigidana da nake koyo a garejinsa ya girgiza kai ya ce, "Malam, kada ka taɓa famfon nan. Duba iska, ka duba mai, sannan ka duba lokaci." Na gamsu da maganarsa, domin injin gas ba shi da filogin da ke kunna wuta. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. In iska ta yi kaɗan, ko mai ya shigo a makare, ko ya shigo bai farfashe ba, to konewar ba za ta ƙare a kan fistin ba, sai ta bi bawul ta fita waje. Ƙarfin da ya kamata ya juya taya shi ne zafin da Baffa ya ji a tafin ƙafarsa. Wanda ya ƙara mai a wannan hali, baƙin hayaƙi da zafi kawai ya ƙara.

Iska da mai ba su ɗauke ni lokaci ba. Iyakilina ta sha ƙurar hunturu, na ɗaga ta ga rana ko haske ba ya ratsawa, na canja. Ƙaramar filtar roba da ake ganin cikinta ta yi baƙi, ga ɗigon ruwa kwance a ƙasanta, kuma na san daga ina: jarkar da na saya a bakin hanya ranar da na rasa gas a gidan mai. Na canja ta, na canja babbar filtar ma, na buga famfon hannu har kumfa ta daina fita. Na kuma sa ƙanena ya danne totur ina kallon sandunan da ke zuwa famfo, na ga hannun famfon yana kaiwa ƙarshe. Mota ta ɗan warware, amma ƙarar na nan daram.

Anan ne na yi gwajin da nake so kowannenku ya iya. Inji yana silo, ka ɗauki sifana 17, ka rufe da tsumma, ka sassauta bututun ƙarfen da ke kan nozul guda, wato abin da ke fesa mai cikin silinda. Wannan silindar ta daina samun mai ke nan. Na sassauta na ɗaya, inji ya yi rawa, ƙara tana nan, na ɗaure. Na biyu haka. Ina sassauta na uku ƙwanƙwasar ta ɗauke ɗif, sai gurnanin inji kawai. Na ɗaure ta dawo, na sassauta ta tafi. Sau uku na maimaita, ina jin sanyin gas yana jiƙa tsumman, don in tabbata ba kunnena ne ke yaudarata ba.

Na cire nozul ɗin duka huɗu da doguwar soket 27, na sa wa kowanne lamba, na kai Kano wajen masu gwaji a kusa da Ƙofar Ruwa. Na wannan injin ya kamata sabo ya buɗe in matsin mai ya kai bar 115, ya yi feshi kamar hazo yana wata 'yar ƙara. Na ukun nawa tun kafin 100 ya buɗe, kuma tsiyaya yake yi, ɗigo na rataye a bakinsa. Aka canja masa kai, sauran ukun aka daidaita su da siraran wasa, wato ƙananan zobban ƙarfe. Don Allah, in kun tsaya wajen wannan gwaji kada hannu ya kusanci feshin, yana huda fata ya shiga jini. Kuma ƙaramar wasar da ke zama a ƙarƙashin kowane nozul tana kare shi daga wuta, sabuwa ake sawa, ba a mayar da tsohuwa. Ni na manta ban saya ba, sai da na jira direban da ke zuwa Kano ya kawo min bayan kwana biyu.

Ƙara ta tafi. Zafin bai tafi ba, kuma da asuba sai hita, wato abin da ke ɗumama cikin inji, ta yi sau biyu kafin mota ta tashi.

Asabar ɗin da ta wuce na buɗe murfin bawul da sassafe, inji ya kwana a sanyi, don a haka ake aunawa. Wannan injin ba ya daidaita bawul da kansa. Na shan iska milimita 0.10 ne, na fitar hayaƙi 0.30. Ana juya inji ta babban notin ƙasa, ta inda yake juyawa in yana aiki, ba a komawa baya, har ƙoƙon kam, wato sandar da ke danna bawul, ya kalli sama, sannan a zura fila, siririn ƙarfen awo. A silinda ta biyu da ta huɗu fila 0.30 ta ƙi shiga sam, ta 0.10 ma da ƙyar. Bawul ɗin hayaƙi da ya matse haka, in ya yi zafi ya miƙe ba ya zama sosai a gurbinsa. Matsi yana zurarewa, wuta tana lasar bakinsa, kuma ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa a kan inji. Da na ƙara watanni a haka da ya ƙone. Gyaran yana son sifana 14 guda biyu masu lanƙwasa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta kwance. Maigida ya ara min nasa. Bawul takwas suka ci min awa uku, domin duk sanda na ɗaure notin sai awon ya motsa, in sake.

Tun da murfi yana buɗe, na duba sarƙar taimin. Na daidaita alamar kam da tsagin da ke jikin maƙallinsa na gaba, na leƙa lambobin da ke kan fulin ƙasa. Maimakon sifili, digiri 7 na gani. Sarƙa ta miƙe. Kuma ita ce ke jan famfon mai, ke nan man ma a makare yake shiga. Ina kyautata zaton ragowar zafin da farin hayaƙin safiya daga nan suke.

Jiya na je Ringim na dawo ba kaya, ta kai 95 ba tare da na matsa mata ba, Baffa kuma bai janye ƙafa ba, sai dai da na taɓa ƙasan gefensa akwai ɗumi fiye da yadda nake so. Famfo ya kamata ya fara tura mai a digiri 24 kafin fistin na ɗaya ya kai sama, amma maigida ya ce ba za mu yi gwajin ɗigo, wanda ake auna wannan lokacin da shi, a kan tsohuwar sarƙa ba, sai an sa sabuwa. An ce ana ɗaura sabuwar a bakin tsohuwar a jawo ta ciki ba tare da an sauke inji ba, mutum biyu, ɗaya na juyawa ɗaya na riƙe. Wanda ya taɓa yi da hannunsa a cikinku, ina son jin yadda ya hana ta tsallake haƙori, kafin Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu.