Ranar da aka juya min kwalbar bitamin

Wata uku ina ba 'yata mai shekara uku bitamin ɗin yara, irin mai danƙo kamar alewa, guda biyu kowace safiya. Yarinyar ba ta cin abinci sai da lallashi, don haka da na ga ta karɓi wannan hannu bibbiyu sai hankalina ya kwanta. Ban taɓa duba bayan kwalbar ba.

Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ita ta ɗauki kwalbar tana juyawa. "Yaya, nawa kike ba ta?" Na ce biyu. Ta ɗora farce a kan wani ɗan mitsitsin rubutu: biyu na ɗan shekara huɗu zuwa sama ne, mai shekara biyu zuwa uku ɗaya tak.

Daga nan muka shiga lissafi, kuma a nan na ji kunya. Ina kuma ɗiga mata bitamin D na ruwa, wanda aka rubuta 400 IU (wani ma'aunin bitamin) a jikinsa. A kwalbar alewar kuwa an rubuta 15 mcg, wato maikirogiram, ni kuma na ɗauka sha biyar ba komai ba ce kusa da ɗari huɗu. Ashe ma'auni ne daban: maikirogiram 10 shi ne 400 IU, wato sha biyar ɗin nan 600 IU ce, daidai abin da ake so yaro mai shekarunta ya samu a yini. Abin bai kai ga haɗari ba, amma ta nuna min cewa bitamin A da D jiki na tara su, ba kamar C ba da rarar ke fita ta fitsari.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, lambar da ke jikin takardar ma ba lallai ita ce a ciki ba. Bitamin na raguwa da daɗewa, musamman a cikin mai danƙo, shi ya sa masu yin sa ke ƙara yawa tun farko don ya kai ranar da aikinsa zai ƙare. A Amurka, dokar 1994 ba ta wajabta hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da irin waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa ba. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2023 ya auna alewar melatonin, sinadarin da ake sha don barci, iri 25, aka samu 22 sun saɓa da abin da aka rubuta.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda dominsa na saya tun farko, ko kaɗan babu shi a jerin.

Likitan 'yata ya ce in bar na ɗigawar, alewar kuma ɗaya ta isa. Kwalbar yanzu tana can saman kabad, don na taɓa kama ta tana ƙoƙarin buɗe murfin da haƙori.